Jini magayi: abin da gwajin cutar mantuwa ke iya faɗa, da wanda ba ya iyawa

Mu a gida ba mu cika kai tsohon da ya fara mantuwa asibiti ba. In Baba ya yi alwala, ya zauna, ya sake tashi ya nemi buta, ko Inna ta dubi jikarta ta ce "ke kuma 'yar gidan wa ce?", sai a ce gigin tsufa ne, a ƙara haƙuri, a sa wani yaro ya riƙa lura da ƙofar gida kada a fita a ɓata. Kalma ɗaya ta rufe komai. Ga likitoci kuwa, abin da muke kira gigin tsufa taron cututtuka ne, kowace da hanyar da take bi ta cinye ƙwaƙwalwa, kuma tsufa kaɗai ba ya kawo su. Akwai ɗan shekara casa'in da zai lissafo maka sarakunan garinsu bi da bi har da shekarar da aka yi fara, akwai kuma ɗan sittin da biyar da ya manta hanyar masallacin da ya yi shekara talatin yana limanci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da cutar mantuwa, sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na waɗannan, cutar Alzheimer ce. Sauran sun haɗa da mantuwar da lalacewar jijiyoyin jini ke kawowa, wadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke share wa hanya, da wadda ke tafe da gane-gane da sandarewar jiki irin ta cutar Parkinson, da wadda ke fara taɓa hali da magana kafin ta taɓa tunawa, har a ga dattijo mai kamun kai ya koma zage-zage a bainar jama'a.

Wahalar ita ce rarrabe su tun mai su yana da rai. Hanta ana iya tsaga a ɗebo ɗan yanki a duba, haka ƙoda. Ƙwaƙwalwa ba a yi mata haka don mantuwa. Shi kansa Alois Alzheimer, likitan nan na Jamus, sai da matar da ya fara lura da ita a Frankfurt tun 1901, Auguste Deter, ta rasu a 1906, sannan ya yanka ƙwaƙwalwarta ya sa a madubin likita. Abu biyu ya gani: wasu curi-curi da suka taru a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Kusan shekara ɗari bayan nan dokar ba ta canza ba: likita zai ce "wataƙila Alzheimer ce," tabbaci sai an mutu. Da aka riƙa gwada hasashen ƙwararru da abin da aka tarar a ƙwaƙwalwar mamata, sai aka ga a cikin mutum huɗu ko biyar da aka ce Alzheimer ce, akan sami ɗaya da ba ita ba ce.

Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano furotin ɗin da ke cikin curin, wanda ake kira amiloyid, kuma ba a jima ba aka gane zaruruwan na wani furotin ne mai suna tau. Duk labarin gwajin nan a kan waɗannan biyu yake, don haka sai an ɗan tsaya a kansu.

Amiloyid gutsure ne da ake yankowa daga wani dogon furotin, kuma kowa jikinsa na yin sa kullum. Yana fitowa da tsawo daban-daban. Mai gaɓa 40 shi ne ya fi yawa, kuma ba shi da fitina sosai. Mai gaɓa 42 shi ne mai danƙo, yana manne wa ɗan'uwansa har su zama curi. Shi kuwa tau, aikinsa a cikin ƙwayar ƙwaƙwalwa kamar na tanka ne a jikin darni: yana riƙe 'yan siraran bututun da ake jigilar kaya a kansu daga wannan ƙarshen ƙwaya zuwa wancan. In cuta ta shigo sai sinadarin fosfet ya yi ta liƙe masa fiye da kima, ya saki abin da yake riƙe da shi, ya koma yana harɗewa da kansa. Tau mafi tsawo a ƙwaƙwalwa yana da gaɓa 441, to lambobin da ake ji a sunayen gwaje-gwaje, p-tau181 ko p-tau217, lambar gaɓar da fosfet ya liƙe ce kawai. Ba wani sirri a ciki.

Wurin farko da aka nemi sawun waɗannan furotin shi ne ruwan da ƙwaƙwalwa da laka ke iyo a cikinsa. Bai fi mililita 150 ba a jikin babba, kuma jiki na sabunta shi sau uku zuwa huɗu a rana, yana wanko abin da ƙwaƙwalwa ta zubar. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sanƙarau ya san yadda ake ɗibarsa: a lanƙwasa mara lafiya, a soka allura a gadon baya ta ƙasa, ruwa fari tas ya riƙa ɗigowa. A tsakiyar shekarun 1990 masu bincike, musamman ƙungiyar Kaj Blennow a Gothenburg ta Suwidin, suka nuna cewa tau na ƙaruwa a ruwan nan ga masu Alzheimer. Abin da ya ɗaure kai shi ne amiloyid mai gaɓa 42. An zaci zai yi yawa, sai aka tarar ya ragu da kusan rabi. Dalilin kuwa mai sauƙi ne in an gane shi. In kwatar gidan da ake surfe kullum ta daina fito da dusa, ba surfen aka bari ba, dusar ce ta maƙale a ciki. Amiloyid ɗin da ya kamata ruwa ya wanko ya tsaya a ƙwaƙwalwa yana gina curi.

A 2004 kuma William Klunk da Chester Mathis na Jami'ar Pittsburgh suka fito da wani sinadari da ake yi wa mutum allurarsa, ya je ya manne wa curin amiloyid, na'urar hoto ta PET ta nuna shi yana haske. Karon farko ke nan aka ga abin da Alzheimer ya gani ba tare da an jira mutuwa ba. Sai dai hoton na cin dubban daloli, yana buƙatar sinadarin da ke lalacewa cikin awoyi, wanda dole a haɗa shi kusa da asibitin. Ɗibar ruwan baya ta fi araha, amma tana son ƙwararren hannu, takan bar ciwon kai na kwanaki, kuma mutane na tsoronta. A nan gida ma an san yadda dangi ke ja da baya in aka ce za a cire wa mara lafiya ruwa a baya, don an sha ganin wanda aka kawo a makare, aka yi masa, ya rasu, aka ɗora wa allura laifin cutar. Hatta a Birtaniya, ƙungiyoyin da ke yaƙi da cutar sun ce kashi 2 cikin ɗari kacal na masu ita ke samun ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan biyu.

Shi ya sa ido ya koma kan jini. Kuma an daɗe ana shan kunya a kansa. A 2007 wata ƙungiya a Jami'ar Stanford ta ce ta gano furotin 18 a jini da ke nuna cutar. A 2014 wata a Jami'ar Georgetown ta ce nau'in kitse 10 ne, kuma suna hango cutar da daidaiton kashi 90 cikin ɗari. Jaridu suka yi ta yayatawa. Da wasu suka maimaita aikin a kan wasu mutanen, sakamakon bai tsaya ba. Na kawo wannan ne don in an ji sabon labari gobe cewa an gano cutar a hawaye ko a gumi, a san an taɓa jin irinsa.

Jini wurin nema ne mai wuya saboda dalilai da yawa. Akwai shinge tsakaninsa da ƙwaƙwalwa wanda ba ya barin komai ya wuce haka kawai. Ɗan abin da ya tsallako sai ya narke a cikin lita biyar, cikin dubban wasu furotin da suka ninka shi yawa sau miliyoyi, ga hanta da ƙoda suna share shi. Ana auna tau na jini da ma'aunin fikogiram a kowane mililita. Don a gane ƙanƙantarsa: fikogiram ɗaya a mililita daidai yake da ka narka giram ɗaya na gishiri a ruwan da zai cika tankokin mai dubu talatin, masu cin lita 33,000 kowace, sannan a ɗebo cokali ɗaya a ce ka faɗi ko akwai gishiri. Amiloyid kuma yana da tasa matsalar, don ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke yin sa ba, har da ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Shi ya sa raguwar da take kai rabi a ruwan baya, a jini ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Tazara ce siririya, in kwalbar jinin ta daɗe a kan tebur kafin a juya ta a na'ura, za ta iya shafewa.

Abin da ya sauya ba tunani ba ne, awo ne. Wajen 2010 aka ƙirƙiro hanyar ƙirga furotin ɗaya bayan ɗaya a cikin dubban ramuka 'yan mitsi-mitsi, daga aikin David Walt na Jami'ar Tufts. A ɗaya ɓangaren na'urorin auna nauyin ƙwayoyin sinadari suka ƙara kaifi. A 2017 ƙungiyar Randall Bateman a St. Louis ta Amurka, sai a 2018 wata ƙungiya a Japan wadda Koichi Tanaka, mai lambar Nobel ta 2002, ke cikinta, suka nuna cewa ana iya gane mai curin amiloyid a ƙwaƙwalwa daga jininsa. Shekarar 2020 ita ce ta tau. Ɗaya daga cikin manyan rahotannin farko kan p-tau181 a jini, wanda ya jagoranci rubuta shi ɗan ƙasar Gana ne, Thomas Karikari, a lokacin yana aiki a Gothenburg. Watanni kaɗan bayan nan, a Yulin 2020, Sebastian Palmqvist da Oskar Hansson na Jami'ar Lund suka fito da p-tau217, wanda har yau shi ke gaba.

A cikin wannan rahoto akwai wani yanki da ya fi tsaya mini a rai, na mutanen tsaunukan Antioquia a Kolambiya. Akwai wata zuri'a a can, mutum wajen dubu shida, da wasunsu suka gaji wani canji a ƙwayar gado guda ɗaya. Wanda ya gaje shi, wajen shekara 44 yake fara mantuwa, kafin 50 cutar ta kama shi sosai, kuma kowane ɗa da ya haifa yana tsakanin gado da tsira rabi da rabi. Mutanen wurin suna da sunan da suke kiran abin da harshensu, mai ma'anar wauta, wasu na cewa asiri ne, kamar dai yadda mu ma mukan ce sammu. Wani likitansu, Francisco Lopera, ya shafe kusan shekara arba'in yana bin ƙauyukansu yana haɗa salsalarsu daga littattafan coci, har ya rasu a 2024. Tunda an san shekarun da cutar ke bayyana a gidan, ana iya ƙirgawa baya. Da aka auna jininsu, sai aka ga p-tau217 ya fara hawa ga masu gadon tun suna 'yan ashirin da wani abu, kimanin shekara 20 kafin alamar farko. Saurayi yana noma, yana neman aure, bai manta komai ba, amma jininsa ya riga ya faɗa. Wannan shi ne ƙarfin gwajin, kuma a nan ne rigimarsa take, zan dawo kanta.

Tabbatar da abu a ɗakin bincike daban, a ƙaramin asibitin unguwa daban. A Yulin 2024 ƙungiyar ta Lund ta wallafa sakamakon mutum 1,213 da suka zo asibiti da koken mantuwa, wasu wurin likitan kowa-da-kowa, wasu wurin ƙwararru. Aka tambayi likitocin hasashensu bayan sun yi duk binciken da suka saba yi, sannan aka gwada da sakamakon ruwan baya. Likitocin kowa-da-kowa sun dace da kashi 61 cikin ɗari. Ƙwararru 73. Gwajin jini wajen 90. A lura, Suwidin ce wannan, inda likita ke da hoton ƙwaƙwalwa da lokacin zama da mara lafiya, amma a cikin goma yana kuskuren huɗu.

Ranar 16 ga Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko don wannan aiki, na kamfanin Fujirebio, wanda ke auna p-tau217 a kan amiloyid mai gaɓa 42. An gwada shi a kan mutum 499. Cikin waɗanda ya ce suna da cutar, kashi 91.7 an tabbatar da curin a ƙwaƙwalwarsu. Cikin waɗanda ya wanke, kashi 97.3 ba su da shi. Akwai kuma rukuni na uku, ƙasa da kashi 20, da gwajin ya ce bai yanke ba. Wannan rukunin ba aibi ba ne, da gangan aka bar shi: ana ja layi biyu, wanda ya haura na sama a ce akwai, wanda ya gaza na ƙasa a ce babu, na tsakiya a tura shi ɗibar ruwan baya ko hoto. Sharaɗin hukumar kuma a fili yake: ɗan shekara 55 zuwa sama, wanda ya riga ya nuna alamun cutar, a hannun ƙwararren likita. A Oktoban shekarar ta amince da na kamfanin Roche, mai auna p-tau181, wanda aka tsara don ƙananan asibitoci su riƙa cire waɗanda ba Alzheimer ke damunsu ba.

Me ya sa ake gaggawa haka? Saboda magani ya fito, ko a ce wani abu mai kama da magani. A 2023 Amurka ta amince da lecanemab, a 2024 da donanemab. Duka biyun ƙarin ruwa ake yi da su, suna kwashe curin amiloyid daga ƙwaƙwalwa. Ba sa warkarwa, ba sa dawo da abin da ya tafi. Lecanemab ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, wato ana gangarowa dai amma a hankali. Lokacin da aka fito da su, kuɗinsa dala 26,500 ne a shekara, ɗayan kuma wajen 32,000, ban da kuɗin hotunan da dole a riƙa yi saboda sukan kawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa. Hukumar da ke tantance magunguna ga asibitocin gwamnati a Ingila ta ce amfaninsu bai kai kuɗinsu ba, ta ƙi saya. Amma tunda ba a ba da su sai a farkon cuta, kuma sai an tabbatar akwai amiloyid, sai layin masu neman tabbaci ya yi tsawo, gwajin jini ya zama mai tsaron ƙofa.

To ga inda nake ganin ya kamata a taka a hankali. Gwajin yana amsa tambaya ɗaya ce: akwai sawun Alzheimer a ƙwaƙwalwar wannan mutum? Iyali kuwa wata tambayar suka zo da ita: me ya sa Baba ke mantuwa? Biyun sukan haɗu, amma ba kullum ba.

Da farko, curin amiloyid ya yi yawa a kan tsofaffin da lafiyarsu ƙalau. Wani babban nazari da aka tattara a 2015 ya nuna cewa cikin masu cikakken hankali, wajen kashi 10 cikin ɗari na 'yan shekara 50 suna da shi, kuma adadin na hawa har kashi 44 ga 'yan 90. Da yawansu za su mutu da wani ciwon daban ba su taɓa manta sunan kowa ba. Saboda haka in tsohuwa 'yar tamanin ta zo da mantuwa, gwaji ya nuna amiloyid, mai yiwuwa shi ne mai laifin, mai yiwuwa kuma ɗan kallo ne, ainihin ɓarnar ta ƙananan jijiyoyin jini ce da hawan jini ya yi shekara ashirin yana toshewa, ko baƙin ciki ne tun rasuwar mijinta, ko kunnenta ne ya mutu ta daina bin zance. Ƙwaƙwalwar masu shekaru sosai, in aka duba bayan mutuwa, an fi samun cuta biyu ko uku a haɗe.

Sannan akwai wani lissafi da masu talla ba sa son a yi. Mu ƙaddara gwaji yana dacewa sau 90 cikin 100, ko ga mai cuta ko ga mara ita. Aka kawo mutum 1,000 daga asibitin masu mantuwa, inda rabi ke da cutar. Gwajin zai kama 450 na gaskiya, ya yi wa 50 ƙazafi. Duk wanda aka ce yana da ita, tara cikin goma haka ne. Yanzu a ɗauki gwajin nan dai a kai shi kasuwa, a auna mutum 1,000 masu lafiya waɗanda 100 ne kawai ke da curin. Zai kama 90 na gaskiya, ya yi wa 90 ƙazafi daga cikin 900 ɗin da suka rage. Rabin waɗanda za su koma gida da mugun labari ba su da komai. Na'ura ɗaya, sinadari ɗaya, abin da ya bambanta shi ne wa aka auna. Wannan ne ya sa sharaɗin "wanda ya riga ya nuna alama" ba ado ba ne. Ga wanda ya san yadda gwajin taifot na Widal ya zama a ƙananan ɗakunan gwaji a ƙasar nan, inda kusan kowa ya je sai an ce yana da shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Jiki ma yana da nasa tasirin a kan lambar. Binciken asibitin Mayo na Amurka a 2022 ya nuna ciwon ƙoda na ɗaga p-tau a jini, don ƙodar ba ta tace shi yadda ya kamata, har mai shi ya yi kama da mai Alzheimer. Ƙiba kuma takan sauke lambar, saboda yawan jinin da abin ya narke a ciki. A inda ciwon ƙoda ya yi katutu, kamar yankin Gashuwa da Nguru a Yobe da kuma Haɗeja, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Su kansu masanan kansu ya rabu. A 2024 ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta fitar da sabon ma'auni da ke cewa cutar tana farawa ne daga lokacin da sawunta ya bayyana a jiki, ko da alama ko babu, kamar yadda ake cewa mutum na da ciwon suga tun kafin ƙafarsa ta fara rauni. Wata ƙungiyar masana ta ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Bruno Dubois na Faransa ta ce a'a, mai sawu ba tare da alama ba mutum ne mai haɗarin kamuwa, kada a kira shi mara lafiya. Ni na fi karkata ga na biyun. Mai suga in aka gaya masa, akwai abin da zai yi gobe da safe. Ɗan shekara 55 da aka ce yana da Alzheimer alhali bai manta komai ba, me zai yi da labarin? Wa zai ba shi amanar dukiyar marayu, wace kotu za ta karɓi wasiyyarsa ba gardama, wa zai auri 'yarsa bai yi tambaya ba? Su ma Amurkawan, duk da ma'aunin nasu, ba su ce a riƙa auna masu lafiya ba.

Sauran cututtukan mantuwa kuwa an bar su a baya. Akwai wani furotin da ake kira NfL wanda ke zubowa cikin jini duk lokacin da jijiyar ƙwaƙwalwa ta lalace, amma kamar zazzaɓi yake, yana cewa akwai matsala bai ce wacce ba: bugun kai, shanyewar ɓarin jiki, ko tsufa kawai duk suna ɗaga shi. Ga mantuwar dangin Parkinson an sami wata dabara mai kyau, a ɗebi ruwan baya a zuba masa lafiyayyen furotin, in akwai gurɓatacce a ciki sai ya riƙa lanƙwasa lafiyayyun su zama irinsa har a iya gani, amma wannan har yanzu ruwan baya ya fi aminta da shi. Yawu, hawaye da fitsari duk an gwada, ana kuma kan gwadawa, sakamakon wannan ɗakin bincike yakan saɓa da na wancan. Mantuwar jijiyoyin jini, wadda ta fi shafar mu masu fama da hawan jini ba magani, ba ta da gwajin jini nata.

Akwai kuma tambayar a jikin wa aka ja layukan nan. Yawancin mutanen da aka yi awon a kansu Turawa ne, 'yan Suwidin da Amurka, masu ilimin boko da asibiti a kusa. Muna da dalilin da zai sa mu yi tambaya, kuma daga Najeriya ya fito. Tun 1992 Hugh Hendrie na Indianapolis da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi na Ibadan suka fara bin tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar Amurka da ma'auni iri ɗaya. A 2001 suka ba da rahoton cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da mantuwa, a Indianapolis kuwa 3.24. Suka kuma tarar cewa ƙwayar gadon nan APOE4, wadda ita ce babbar mai ƙara haɗarin cutar ga Turawa, tasirinta a kan Yarbawa ya yi rauni sosai. In har abin da aka ɗauka doka ce ta halitta ya sauya fuska tsakanin Ibadan da Indiana, bai kamata a ɗauko lambar da aka yanke a Lund a ɗora wa tsohon Gumel ko na Maraɗi ba tare da an gwada ba.

Ko an gwada ɗin ma, akwai wutar lantarki. Jinin nan sai an juya shi a na'ura cikin 'yan awoyi, a raba ruwansa, in za a ajiye a sa shi a firjin da ke sauka 80 ƙasa da sifili. Shi ya sa aikin da ake yi a Gothenburg na huda yatsa a ɗiga jini a kan kati, ya bushe, a aika ba tare da ƙanƙara ba, ya fi ba ni sha'awa fiye da kowace sabuwar na'ura. Ma'aikatan lafiyarmu sun riga sun san irin katin, da makamancinsa ake ɗibar jinin jariran da iyayensu mata ke ɗauke da cutar ƙanjamau a aika manyan ɗakunan gwaji.

Kafin wannan ya iso, akwai gwajin jinin da ya kamata a yi wa duk tsohon da ya fara mantuwa, kuma ana yin sa a asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji na garuruwanmu tun tuni. Ƙarancin bitamin B12 na kawo ruɗewa, kuma allura na gyara shi, musamman in an kama da wuri. Masu shan metformin na suga shekara da shekaru sukan same shi. Raunin ƙullin maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki na sa mutum ya yi sanyi ya yi mantuwa, ƙwaya ɗaya a rana ke tayar da shi. Tunjere da ya daɗe ya hau kai, da ƙanjamau, da gishirin jini da ya sauka saboda maganin hawan jini mai sa fitsari, duk jini na nuna su. Tsohon da ya faɗi a banɗaki wata biyu da suka wuce, yanzu ya rikice yana jan ƙafa, hoton kai yake buƙata, don jini kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma ana huda a zuƙe shi mutum ya dawo hayyacinsa. In kuwa ruɗewar cikin kwana biyu ta zo, ba cikin shekara biyu ba, a fara duba fitsarinsa da ƙirjinsa da sugansa a ranar, kafin a kira ta gigin tsufa.